Kuloko a Cikin Kwalba

Ƙarfe bakwai na zo neman ƙarfe.
Malam Ganda bai buɗe ɗakin gwaji ba tukuna,
yana gindin dogon yaro yana hura shayi,
makullai na kaɗawa a wuyansa kamar laya.

Na'urar nan ba ta son gaggawa.
Sai ka kunna ta, ka bar fitilarta ta yi ɗumi,
sannan ka fara ba ta ruwa zalla,
ruwan da bai ɗauki alhakin kowa ba,
ta haska shi, ta ce sifiri.
Daga nan ake soma gaskiya.

Kwalbar ba ta kai yatsana tsawo ba.
Gefe biyu garau, gefe biyu dusu-dusu.
In ka riƙe ta inda haske zai bi,
zanen yatsanka ma sai ya shiga lissafi,
ya yi maka ƙarya da sunanka.

Ruwan ƙarfe a nan, fari-fari, ba shi da magana.
Jiƙon bagaruwa a can, ruwan ƙasa-ƙasa.
Ɗigo ɗaya.
Sai duhu ya buɗe a ciki kamar hadarin gabas
ranar da gulbi zai kawo ruwa.

Na san wannan duhun.
Na san shi tun ina rarrafe a Bagalam,
a zauren kakana Mantau baduku,
da tukunyarsa mai wari a bayan ƙyaure:
kashin maƙera, tsohuwar ƙusa, ɗan tsami,
a rufe kwana bakwai.
Ya tsoma tsinke ya ja layi a fatar jar akuya,
layin ya fito ba launi, kamar miyau,
kafin ka ce wani abu ya koma baƙi ƙirin.
Na tambaye shi dalili, ya ce,
fata ce ta gane ƙarfe.

Ni kuma yau an ba ni shekara biyu
in faɗi hannu nawa bagaruwa ke miƙawa
kafin ta riƙe ƙwayar ƙarfe ɗaya.
Kwalba tara na jera,
wannan ƙarfe ya yi yawa, waccan bagaruwa ta rinjaya,
ina neman inda suka yi daidai,
inda layin takarda zai hau tudu ya tsaya.

A ta shida wuta ta ɗauke.
Allo ya yi baƙi, fanka ta yi juyi uku ta mutu.
Malam Ganda ya tafi neman mai,
ni na zauna ina kallon ruwan yana sauya ra'ayi,
don shi ba ya jiran inji.
Gobe sai sabon haɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai
malama Tsahara ce ta faɗe shi tana goge allo:
launin da ido ke gani
saura ne, abin da ruwa ya ƙi ci.
Na'ura kuwa ba ruwanta da saura,
abin da aka haɗiye take ƙirgawa,
haske nawa ya shiga, nawa ya kasa fita.

Na tafi da maganar gida.
Jakar kakana na rataye a ƙusa har yanzu,
jan ya koɗe, kore ya tafi,
baƙin layin nan kuwa yana nan daram,
shekara arba'in yana shan rana
bai mayar da ko kaɗan ba.

Ranar Laraba lambobi suka fito.
Na rubuta su da biro a littafi,
na tsarma ta ƙarshe sau goma don ta yi kauri da yawa.
A gefen shafin, inda malama ba ta dubawa,
na sa: fata ce ta gane ƙarfe,
na ja layi a ƙarƙashi.